Ɗan da Na Haifa a Shagon Kitso

Ni dai tun ranar da na fara ganin Manzo Filibus jikina bai ba ni ba. Mutum cikin farar kwat, yana wa'azi a wani ɗakin ƙasa a Port Richmond, ƙarƙashin shagon wanki, injina na ruri a saman kanmu. Amma ƙanwata Rahila ba ta ganin kowa sai shi. Tana da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allura. Ni na kawo ta ƙasar Turawan nan, ni ce kuma zan kalli idon Mama in wani abu ya same ta.

Da can cocin Baba Ayuba muke zuwa a Tompkinsville. Dattijo ne, tasi yake ja sauran ranaku. In ka kai masa damuwa, ba ya jin kunyar cewa, "Ban sani ba, 'yata, zo mu duba Maganar Allah tare." Da Rahila ta tambaye shi ko za ta warke, cewa ya yi Allah mai warkarwa ne, amma ta riƙe allurarta. Amsar nan ce ta kore ta. Shi kuwa Manzo babu abin da bai sani ba. Zai rufe ido ya kira sunan ƙauyenku, sunan kakarki, har mafarkin da kika yi. Da ya ce wa Rahila allura rashin bangaskiya ce, sai ta daina.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, na san abin da ke biyo baya. Yarinya ta fara zubewa, ruwa ba ya isarta. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

"Yaya Keziya," in ji ta, "in ba Allah ke nuna masa ba, wa ya gaya masa sunan Kaka?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. Ran Lahadi na bi ta, na zauna a baya ina kallon kawunan matan da yake kira. Kai! Duk kitson shuku iri ɗaya, hannun Lami mai kitso, wadda ke riƙe masa ruwan sha a gaba. Mu kuma an san halinmu, da zarar mun ɗora kai a cinyar mai kitso, baki ba ya rufuwa.

Sai na je wurin Lami. Tana tsaga mini kai, na matso hawaye na ce tun muna gida a Kafanchan na haifi ɗa a ɓoye, na ba wata mata, ban sake ganinsa ba. Har suna na raɗa masa, Danladi. Ni da ko ɓari ban taɓa yi ba! Rahila shaida ce, katifa ɗaya muka kwana har ranar da na hau jirgi.

Lahadin da ta biyo, ana tsakiyar waƙa Manzo ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. Ya tako a hankali har inda nake.

"Akwai yaro yana kuka a Kafanchan," in ji shi. "Danladi yana neman uwarsa."

Wallahi daɗi na ji. Na miƙe na ce, "Jama'a, ƙarya ce! Ni na shirya ta, Lami kaɗai na gaya wa. Babu wani Danladi!"

Na zaci wurin zai kaure. Ina! Lami ta sunkuyar da kai kamar mai addu'a. Manzo ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Kun ji ko? Da bakinta ta ce ita maƙaryaciya ce. Uwar da ta yar da ɗanta, me zai hana ta musunsa?"

Mata suka ja kujerunsu nesa da ni. Tsoro ya kama ni, don na ga babu ko ɗaya da ke son ya zama ƙarya ne. Nan take Manzo ya sanar da azumin ba ci ba sha, domin a ceto raina, ya ce wanda yake jinina ne zai ja gaba. Yana faɗa yana kallon Rahila.

Muka hau bas ni da Rahila zuwa gida. Na kira Baba Ayuba, ya ce yana Brooklyn da fasinja, amma ga shi nan zuwa, kada in bar ta ita kaɗai. Muna shiga gida na ɗauko allurar daga firji, na durƙusa a gabanta, ni babba.

"Rahila, dube ni. Katifa ɗaya fa. Yaushe kika taɓa ganina da ciki?"

Leɓenta ya bushe, numfashinta na warin ruɓaɓɓiyar ayaba, warin suga in ya yi tsanani, wanda na sani sarai a wurin aiki. Ta ture hannuna a hankali, ta shafa sabon kitsona, idonta cike da tausayina.

"Kada ki damu, Yaya, zan yi miki azumin," in ji ta. "Amma me ya sa ba ki taɓa gaya mini ina da ɗa ba?"