Gwaggon da ke Daka a Ƙirjina

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu ina juya shi a raina.

Na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka. A garin ba a gaisuwa da baki. In kun haɗu da mutum, sai ya ciro haƙorinsa ɗaya ya miƙo maka, ka juya shi, ka mayar masa. Ni dai na ja gyalena na rufe baki kamar yadda na saba. Wata uku ke nan dasashina na hagu yana jini in na yi asuwaki. Shi ya sa na daina goge wajen, kuma ban gaya wa kowa ba.

Wani rafi ja ya wuce ta gabana yana hawa tudu. Na so in ga inda zai tsaya, sai na bi shi.

Sai ga ni a wani tsakar gida. Wata tsohuwa tana daka da taɓarya biyu, ɗaya a kowane hannu. Rafin cikin turminta yake zuba.

Na ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Na wa ake dakawa?"

Ta ce, "Naki mana, Tasalla. Ni ce zuciyarki. Shekara goma sha tara ban zauna ba, ko suna ban taɓa zuwa ba."

Na durƙusa na sake gaishe ta, tunda ban san yadda ake gaida zuciya ba.

"Bar gaisuwar nan, leƙa ki gani."

Na leƙa turmin. Ga guntun alewar madara, ga ɓawon gyaɗa, ga wasu ƙananan ƙwari masu hula, kowa zaune a kan tabarmarsa.

"Gwaggo, su wane ne waɗannan?"

"Baƙinki ne. Ta dasashin da kika daina gogewa suke shigowa, jini ya kwaso su har nan. Suna tokare mini taɓarya, kafaɗata ta gaji. In aka kira la'asar ba a gyara wajen ba, zan jingine ta in huta."

"In kin huta fa?"

"Ke ma sai ki huta."

Ban ga ƙofar fita ba, amma na ga kaina a tsakiyar kasuwa, gindin wata tsamiya da ta yi 'ya'yan buroshi. Mai gyaran haƙorin garin wani kada ne, ana ce masa Malam Ɗanjuma. Yana zaune a kan keken ɗinki, da tabarau a hanci.

Ya ce, "Buɗe, 'yan mata."

Na ce, "Malam, da mutane fa."

"To, a ina za a samo kasuwar da ba mutane?"

"Jini yake yi. Kar a ce ni ƙazama ce."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Jinin nan kiranki yake ki zo ki share, ke kuma kika gudu. Ni kullum bakina a hangame yake a bakin kogi, ba wanda ya taɓa kai ni ƙara."

Can nesa na ji ladan yana gyaran murya. Dakan da ke ƙirjina ya fara ja da baya. Dum. Shiru mai tsawo. Dum.

Na saki gyalen. Bai faɗi ƙasa ba, sama ya tashi ya sauka a reshen tsamiya. Na rufe ido na buɗe baki iyakar ƙarfina.

Da na buɗe ido ɗaya, ba wanda ya ko waiwayo. Cinikin inuwa suke ta yi, mudu-mudu.

Malam Ɗanjuma ya ɗauko cokali ya shiga kankare mini haƙora. Ƙwarin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna naɗe tabarmi suna mita wai ba a yi musu sallama ba. Dakan ya dawo daidai. Na so in tambaye shi ko Gwaggo tana da haƙora ita ma, amma cokali na bakina. Ƙarr, ƙarr, ƙarr.

Na farka. Inna ce a bakin murhu tana kankare ƙanzon tukunya.

Ko gaishe ta ban yi ba na ce, "Inna, ajiye cokalin nan, zo ki ga bakina."