Lambun Gwaggo Sauda a Bakin Ramin Dalma

Shekarar da Sakkwato ta zama jiha na dawo daga karatun aikin gona a ƙasar waje. Aka ajiye ni ofishin gona na Tambuwal, aka ba ni sabon babur. Tafiyar farko da na yi da shi Fakku ce, gun Gwaggo Sauda, ƙanwar babana.

Lambunta yana bakin tsofaffin ramukan da wani kamfani ya haƙa yana neman dalma, ya tafi ya bari. Ƙasar da suka tono tana nan zube, toka-toka, tana ƙyalli kamar kwalli. A kanta Gwaggo take shuka alayyahu da yakuwa, don rijiya na kusa. Daga nan ake miyar gidan, har ta jikokinta.

Na tsinki ganye gabas da yamma, na aika Zariya aka auna. Na yamma cike yake da dalma. Na gabas ɗan kaɗan ne, wanda ba ya cutarwa. Ƙasar kuwa ɗaya ce.

Na koma da niyyar in ce ta bar lambun duka. Ta gane tun ban buɗe baki ba.

"Dawuda, in ka zo tashina ne, hau baburinka. Nan zan mutu."

"Gwaggo, mi kike sa ma gefen gabas?"

"Ban sa komi. Shanun Jumare ka kwana nan da rani, tun mai gidana na da rai."

"Yamma fa?"

"Gangare ne. Wace saniya ka kwanciya bisa gangare?"

Nan na ga amsar. Tsohon taki idan ya ruɓe ya haɗu da ƙasa yakan riƙe dalma, saiwa ba ta iya janta. Na faɗa mata haka. Ta ce ashe kashin shanu na je koyo bayan teku.

Muka tafi rugar Jumare. Dattijo ne dogo, mai kunnen ƙashi. Na roƙe shi ya kwantar da shanunsa yamma ko rani ɗaya.

"A'a. Bara maraƙina ya lashi ƙasar wurin, ya makance, ya mutu. Sauda, ke ci abinki, ke kin fi saniya taurin rai."

"Ji marowaci!" in ji Gwaggo. "Kashin ma sai an roƙe ka?"

"Kashi kyauta ne. Ƙafa fuɗun da ka kawo shi ne ban badawa."

Na ce to a kwaso da jaki daga mashekarinsa, inda shanun ke kwana. Amma ba ɗanye ba. A tara shi waje ɗaya ya ci damina tukuna, don ɗanyen yana iya sakin dalmar ya ƙara ɓata ganye. Kuma yamma za ta ɗauki shekaru kafin a ci abin da ta fitar.

"Kafin nan in zuba ma gona ido?" in ji Gwaggo.

"Ki shuka rama. Ta igiya kawai. Ganyen a ƙone, ba a ci, ba a ba akuya."

"Rama a gonata, a ce kada in yi kwaɗo!"

Jumare ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce shi yana son igiya, ɗaurin maruƙansa duk ya tsufa. Aka tsaya a kan haka: shi taki, ita igiya. Suka ci gaba da gardama kan wanda zai ba da jaki, na bar su.

Ban yarda da Gwaggo kan kwaɗon nan ba, sai na riƙa leƙawa ba sanarwa. Ban taɓa kama ta ba. Ta dai kewaye yamma da ƙaya saboda yara, ta ce mini saboda awaki ne.

Da rani na uku na sake aika ganyen yamma. Dalmar ta ragu sosai, amma da saura. Na kai mata labari tana ban ruwa a gabas.

"Da saura nawa?"

"Wata damina, ko biyu."

"To. Ina nan." Ta miƙo mini guga. "Tunda ka zo, jawo."