Gwajin Masta Wahabu

"Cewa na yi ka cire salansar, Kawu. Ban zo jin wa'azi ba."

Masta Wahabu bai ɗago ba. Yana tsugune gefen babur ɗin, yana bin tayar baya da babban yatsa.

"Tayar nan ta bushe, duk ta tsage. Kuma ba ƙarfi babur ɗin nan ya rasa ba, Zulkarnain. Mahayi ya rasa."

Direbobin keken kaya da ke zaune a bencin gareji suka kwashe da dariya. Munawara mai koko ta rufe baki da gefen mayafi.

Babur ɗin baƙi ne, ƙato, da akwatuna biyu a gefe da gilashi a gaba. Yayan Zulkarnain ne ya aiko shi daga Jamus. Duk Salaga babu irinsa. Amma ranar Lahadi, a yashin hanyar Bimbilla, wani saurayi, Mudasiru, ya wuce Zulkarnain da ɗan ƙaramin babur na kai doya gona, yana ɗaga masa hannu. Garin duk ya ji. Ga shi ranar Asabar samari za su je Yendi ɗauko amarya, Zulkarnain kuma ya rantse shi zai ja gaba.

"Hau," in ji Wahabu. "Hau ka tsaya kowa ya gani."

Zulkarnain bai motsa ba.

"Ka san dalili. Yatsunka kawai ke taɓa ƙasa. An ƙera shi don dogon mutum da kwalta mai santsi. In na buɗe masa iska, na canza haƙorin sarƙa, da ka taɓa totur zai zabura. A kan tsakuwa zai kayar da kai ya kwanta a kanka. Ka sayar, ka sayi daidai kai."

Fuskar Zulkarnain ta yi duhu. Ya dubi masu dariya, ya dubi kawunsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Ka ce dai ba ka iya ba. Shekara talatin kana wanke fulogin baburan ƙauye. Idonka ma ya tafi, jiya na ga kana laluben sifana tana gabanka. Zan kai wa yaran tasha. Su ba su da surutu."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

Wahabu ya san yaran tasha. Za su yanke, su ɗaure, su miƙa makulli, ko zagaye ɗaya ba za su yi da shi ba. Ya tuna Salimatu, ƙanwarsa, uwar Zulkarnain, da yadda take tsayawa a ƙofar gida duk sa'ad da ta ji ƙarar babur. 'Ya'yanta maza biyu ne, ɗaya yana Jamus.

"Kawo makulli," ya ce.

Ya yi aikin daga hantsi har bayan azahar, bai ci komai ba. Ya cire salansa ya sa bututu. Ya buɗe akwatin iska. Ya sauya haƙorin baya da babba. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, wannan ma ya ƙara ɓata masa rai. Da ya tayar da injin, awaki suka watse, mata a kasuwar doya suka juyo.

Zulkarnain ya yi murmushi, ya miƙo hannu.

Wahabu bai ba shi ba. Tun da ya buɗe garejin nan, babur bai taɓa fita daga hannunsa ba sai ya fara hawa da kansa. Kowa a bencin ya san haka. Zulkarnain ma ya sani.

"Af, na manta. Gwaji." Ya ja da baya, ya rungume hannu. "Bismillah, Masta. In kuma tsoro kake ji, faɗa, babu kunya. Tsufa ba laifi ba ne."

"Masta, bar shi," in ji Munawara. "Don Allah bar masa kayansa."

Wahabu ya naɗe ƙafar wando ya hau.

Ya tafi a giya ta biyu, a hankali, har kwanar masallaci. Babur ɗin na fizga a ƙarƙashinsa kamar sa da aka ɗaure. A can ya juya, ya tsaya. Yana iya dawowa haka, ya sauka, ya ce lafiya lau. Sai yaron ya hau ranar Asabar, da samari a bayansa suna ihu, da Mudasiru a gefensa. Yaron ba zai tafi a hankali ba.

Ya hango su Zulkarnain tsaye a bakin gareji. Tsakaninsa da su akwai inda kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara. Ya ce a ransa, bari yaron ya gani da idonsa. Ya murɗa totur yadda ya san Zulkarnain zai murɗa.

Tayar baya ta yi ihu, ta watsa tsakuwa, ta fita gefe. Ya sa ƙafa. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Babur ɗin ya ja shi taku goma, ya kwanta a kansa, bututun mai zafi a manne da ƙaurinsa.

Sai da maza huɗu suka taru kafin suka ɗaga. Munawara na salati. Wani ya ruga kawo keken kaya don a kai shi asibiti. Wahabu bai kalli ƙafar ba. Yana kallon ɗan ƙanwarsa da ke tahowa da gudu, takalmi ɗaya ya fita, baki buɗe. Ya ɗauka wajensa yaron yake rugowa. Ya ɗaga hannu don ya ce masa kada ya damu.

Zulkarnain ya wuce hannun. Ya zagaya ɗaya gefen, ya durƙusa, ya shafa tankin da ya lotse, ya ɗauki madubin da ya karye yana jujjuyawa. Sannan ya miƙe ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

"To yanzu wa zai gyara min kafin Asabar?"