Motar Kifin Alhaji Ɗahiru

Gidiyon makanike ya zare wata 'yar waya a gefen injin, nan take motar da ke kakkarwa tana aman baƙin hayaƙi ta natsu.

"Ka ji ko, Alhaji? Iyafulo ce. Ita ke auna iskar da inji ke shaƙa. In ta yi datti sai ta yi ƙarya, mota ta dinga zuƙar mai."

Alhaji Ɗahiru, mai motar, ya leƙa cikin injin. Ya girma cikin kwalekwale a bakin tafkin Kainji, da tsufa ya sayi motar ɗaukar banda daga Wara zuwa kasuwar Yelwa, ya ba ɗan ƙanwarsa Sufyanu tuƙi. Da mai ya fara ƙarewa a hanya, sai ya tsayar da Sufyanu gaban masunta ya ce masa ɓarawon fetur. Magana kuwa zarar bunu ce. Har ta kai kunnen Hussaina, uwar Sufyanu, ta daina zuwa gidan yayanta.

Gidiyon ya kwance abin, ya ɗaga shi cikin rana. Jar ƙasa ta lulluɓe siririyar wayar ciki, har da ɓawon kifi. Ya buɗe akwatin matatar iska, wayam.

"Kai! Wane gwani ya cire matatar? Sufyanu, kai ne? Ko jaki aka ba tuƙi ai ya bar ta."

Sufyanu ya dubi ƙasa. Yana tsaye ranar da kawunsa ya fizge matatar ya jefar, yana cewa injin jirgin ruwa ba shi da wannan tsumma kuma ya fi kowa numfashi. Wanda ya saba da ruwa, ya manta hanyar Wara turɓaya ce.

"Ƙyale shi," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. "Hannuna ne."

Gidiyon ya haɗiye dariyarsa, ya shiga fesa wa wayar maganin wankewa.

Da aka sa sabuwar matata, Sufyanu ya buɗe wa kawunsa ƙofar gaba.

"Kawu, gida ko kasuwa?"

"Wurin innarka."

"Ba ta san da zuwanka ba, Kawu."

"Ita ma maganar ba da sallama ta shiga mata ba."

Alhaji ya bar ƙofar a buɗe, ya zagaya baya, ya tattare babbar rigarsa ya zauna tsakanin kwandunan kifi.