Dish ɗin Papa Akpovi

"Ko ƙusa ɗaya ba za a buga mini a bango ba, Papa. Haya ka kama, ba saye ba."

Maman Huwefa tana naɗe tuwon masara a ganye a ƙofar ɗakinta lokacin da Gandonu, mai gidan, ya faɗi haka. Papa Akpovi na tsaye a tsakar gida rungume da dish ɗin talabijin mai tsatsa, wanda ya sayo na hannu a kasuwar Dantokpa. Ya ce 'yan ramuka ne kawai, zai toshe su da siminti ranar da zai tashi. Gandonu ya ce duk ɗan haya haka yake faɗa, ya haye benensa.

Maman Huwefa ta san abin da ya sa tsohon ya nace. Sun daɗe ɗaki na manne da ɗaki a wannan gida na unguwar Akpakpa. Acaɓa ya yi a titunan Kwatano har gwiwa ta ajiye shi. 'Yarsa tilo, Senami, tana Libreville, ta yi shekaru ba ta zo gida ba, waya ma sai jefi-jefi. Wata mata ce ta gaya masa ta ga yarinyar cikin mawaƙan wani coci da ake nunawa ranar Lahadi a wata tasha, ta yi ƙiba ta yi kyau. Tun ranar bai sake zancen komai ba sai dish.

Ba shi da halin kiran mai ɗaurawa, sai ya dasa bututu a bokitin siminti ya ɗaura dish ɗin a kai. Ya ja bokitin nan lungu-lungu yana haki, Maman Huwefa kuma tana leƙa masa talabijin ta taga. Benen maƙwabta ya tare sama, hoto ya ƙi zuwa.

"Papa, ka ba ni farantin nan in shanya barkono, ya fi mana amfani."

"Ke dai duba mini, sarkin surutu."

Ranar Asabar Gandonu ya tafi biki Porto-Novo. Papa Akpovi ya aro tsani wurin kafinta, ya ce zai ɗaure dish ɗin da waya a ƙarfen tankin ruwa, ba ƙusa ba rami. Ta roƙe shi ya jira wani mai ƙarfi ya dawo daga aiki. Ya ce gobe Lahadi.

Ta riƙe masa tsanin har ya kai sama. Daga can ya ce ta je ta duba. Ta saki, ta je taga. Hoto ya fito tas, wata mata tana karanta labarai. Ta buɗe baki za ta gaya masa ke nan, ta ji ƙarar tsani a kan siminti.

Ƙugunsa ne ya karye, kansa kuma ya bugu. A asibiti, da ya farfaɗo, ya kama hannunta.

"Ya zo?"

"Ya zo, Papa. Kamar a taɓa mutum."

Ya lumshe ido. Bai kai wata Lahadin ba.

Senami ta yi kuka a waya, ta ce takardunta ba su cika ba, in ta fito ba za ta iya komawa ba, kayan ɗakin kuma a yi yadda aka ga dama da su. Gandonu ya zauna cikin masu gaisuwa yana gaya wa kowa cewa shi kam ya gargaɗi tsohon.

Bayan an binne shi da 'yan kwanaki, Gandonu ya kira mai ɗaurawa, aka kwanto dish ɗin daga tankin, za a ɗaura masa shi a benensa. Injin huda bango ya yi ta ƙara a jikin benen, daidai saman ƙofar Maman Huwefa. Garin bulo ya zubo a kan ganyenta. Ba ta ɗaga kai ba. Ta jawo kwanon ruwa, ta shiga wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya.