Maiƙon Kan Tabawa

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wata hamada. Kafin in kwanta mun yi musu da 'yata Uwani a kan bangon ɗakina. Akwai wani baƙin tabo a jikinsa, bai fi tafin hannu ba, daidai inda marigayiya matata Tabawa take jingina kai tana sauraren rediyo. Man kitsonta ne ya kama siminti. Uwani ta ce datti ne, masu zuwa gaishe ni suna gani, gobe za ta wanke. Na ce masu zuwan su riƙa kallon silin.

A mafarkin ga ni ɗauke da bangon a ka, har da gammo, kuma babu nauyi. Hadari ya haɗu ana ta ruwa, sai dai ruwan daga bayan gajimare yake tashi ya yi sama. Ƙasar wurin ta daɗe ba ta ga ɗigo ba.

Wani ƙadangare mai jan kai ya tare ni. Shi ne ma'ajin ƙasar.

"Malam, ajiya ka kawo?"

"Abin da ya rage na matata ne."

Ya hau bangon ya shinshina tabon, ya gyaɗa kai. "Maiƙo. Ka yi dace. Nama yana tafiya, jini yana tafiya, suna ma ba ya daɗewa. Maiƙo ne mai taurin kai."

Ya tona rairayi kamar zurfin kamu guda, ya nuna mini wani ɗan shafe mai ruwan ɗorawa a jikin yumɓu. Ya ce kitsen kifi ne, tun zamanin da wurin yake tafki.

"Me ya hana shi ruɓewa?"

"Babu wanda ya kula shi. Gishiri ya riƙe shi, yumɓu ya rufe shi, rana ba ta kaiwa nan. Ruwa kuwa ka ga inda ya nufa."

Na karanta littattafai da yawa a kan abin da ke dawwama, duk sun ce ƙauna ce ko aikin kirki. Babu wanda ya ambaci fari.

Sai ga mu a ƙarƙashin ƙasa, cikin wani dogon zaure. Wasu halittu ƙanana, waɗanda ba su kai ƙwayar gari ba, suna kwance jere suna barci, kowanne riƙe da cokali.

"Rage murya," in ji ƙadangaren. "Su ne masu cinye matattu a ƙasarku. A nan ƙishi ya kwantar da su. Ɗigo ɗaya ya isa ya tashe su."

Na duba da kyau, na gane fuskoki. Waɗanda suka zo sadakar uku ne, suka cinye waina, kowanne ya dafa kafaɗata ya ce sai haƙuri. Tun daga ranar na tsani kalmar.

Na jingina bangon a tsakiyar zauren. Tabon ya motsa, ya zama ƙeyar Tabawa, da sabon kitso. Ba ta juyo ba.

"Malam, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Shayi dai ka sha. Ina ne nan?"

"Inda ba za ki ɓace ba. Har a naɗe ƙasa kina nan."

Ta girgiza kai, irin yadda take yi idan na kawo wata dabara daga littafi. Sannan ta ce, "Ƙishi nake ji."

Na duba hannuna, ga moɗa cike da ruwan randa mai sanyi. Ban san lokacin da na ɗebo ba. Na dubi masu cokula, na dubi ƙadangaren.

"Ni ajiya aka ba ni," in ji shi. "Mai ƙishi ba ta lalacewa. Wadda ta sha kuwa tasu ce."

"Malam, me kake jira?" in ji Tabawa. "Ko moɗar ma sai ka karanta ta?"

Na riƙe moɗar da hannu biyu, na ja da baya. Na ji bakina ya ce, "Ki yi haƙuri."

"Har da kai?" ta ce.

Ruwan ya zo bakin moɗar, ya tsaya yana shawara ko sama zai yi ko ƙasa. Can ƙarshen zauren wani cokali ya fara kankarar ƙasa, ƙar, ƙar, ƙar.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Uwani ce take kankare ƙanzon tukunya a tsakar gida. Tabon yana nan inda yake. Jim kaɗan ta yi sallama ta shigo da bokitin ruwa da soso.

"Baba, bangon fa?"

Na ce ta ajiye bokitin ta je. Yana nan a gindin bango, ruwan ya daina motsi, ni kuma ban tashi daga bakin gado ba.