Warƙoƙin da Yaya Ya Ce a Binne

Ni Kulu ce, 'yar Malam Khalilu, kuma duk ƙauyenmu na gabas da Zakirai an san ba na haɗiye magana. Shekarata sittin da uku. Abin da zan ba ku labari ya faru a ƙarshen daminar bara, bayan rufin ɗakin littattafan Baba ya yi yoyo.

Baba ya rasu shekara ashirin ke nan, ya bar littattafai a gafaka-gafaka, wasu rubutun hannu, wasu bugun inji. Yayana Malam Muntaka ne ke riƙe da makarantar da ɗakin. Da ruwa ya shiga, gara ta samu hanya, sai ya gina sabon ɗaki na siminti, ya ce kafin a kwashe za a tace. Masu kyau su shiga sabon ɗaki. Waɗanda suka lalace kuma, tunda akwai sunan Allah a ciki ba a zubar da su a bola, za a naɗe su a farin ƙyalle a binne a gefen maƙabarta ranar Juma'a bayan an sauko. Haka ake yi tun kakanni, ban ja ba.

Ran Talata na shiga soro na tarar da ƙyallen a shimfiɗe, an tara ruɓaɓɓun takardu a kai. A saman tulin na hango wata ƙaramar gafaka ja, igiyarta ta tsinke. Na san ta kamar yadda na san tafin hannuna.

"Yaya, wannan me take yi a nan?"

Bai ɗago ba. "Ɗan littafin tsarki da salla ne. Muna da shi har kashi biyar. Biyu rubutun hannu, uku bugu. Wannan gara ta cinye rabinsa."

"Na Inna ne."

"Na Baba ne, Kulu. Duba ƙarshensa, hannun Khalilu aka rubuta. Fassara ce ya yi wa mata da Hausa. Littafin ɗaya ne, ga na Larabcin nan garau."

Shekara arba'in muna wannan gardamar da shi. Ni na san Inna ce ta tsara shi baiti-baiti da bakinta, don matan gari su haddace, Baba kuwa rubutawa kawai ya yi. Ina da shekara tara ni ce ke riƙe masa kwalbar tawada. Yaya lokacin yana gabas wurin karatu, bai gani ba, kuma abin da bai gani ba a wurinsa bai faru ba. Kullum sai ya ce ƙuruciya ce take ruɗa ni. Na ce masa in ya binne gafakar nan, to ya haƙa ramin da faɗi, don da ni za a rufe. Ya ce in daina maganar banza a gaban littattafai. Na fita ina huci, har na yi tuntuɓe da turmi.

Washegari Tahira ta iso daga Kano. Ita ce babbar 'yarsa, tana aiki a laburaren wata kwaleji, da aurenta da 'ya'yanta uku. Shi ya kira ta, ya ce ta zo ta rubuta sunayen littattafan a kwamfuta kafin a jera su. A zatonsa aikin yini ɗaya ne, ta rubuta ɗaya, biyu, uku, ta koma. Ni ma haka na zata. Na tare ta tun a ƙofar gida na zazzage mata komai, ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Gwaggo, ki bari in ga takardun tukuna."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ita ma 'yar ubanta ce.

Ta shimfiɗa tabarma a soro, ta buɗe kwamfutarta, ta yanka kwali ƙanana-ƙanana. Na zauna a bakin ƙofa ina tsintar wake, ba don waken ba. Ta ɗauko kashi biyar ɗin nan na littafin tsarki ta jera. Sai ta miƙa hannu kan farin ƙyallen ta ɗauko jar gafakar.

Yaya ya ce, "Wannan ba ya cikin lissafi. Ki rubuta littafin tsarki, guda biyar."

Ta ce, "Baba, yanzu ba haka muke rubutawa ba. In ka ba ni dama in nuna maka."

Ya gyara zama a kan buzunsa. Yaya yana son a nuna masa abu, don ya samu inda zai gyara.

Ta ajiye kwali ɗaya can sama. Ta ce wannan shi ne ainihin littafin, abin da mawallafin ya tsara a ransa, ba takarda ba ce, ba a taɓa shi da hannu. A ƙarƙashinsa ta ajiye wani, ta ce wannan sigarsa ce, wato kalmomin da aka faɗe shi da su, Larabcin mawallafi. Ƙarƙashin wannan ta sa uku: rubutun kakanmu, rubutun Babanmu, da bugun da aka sayo a Kano. A ƙarƙashin bugun kuma ta sa uku, ta ce kowanne littafi ne da ke hannu, ɗaya da tabon manja, ɗaya babu bango, ɗaya da sunan wani ɗalibi a ciki. Ta ce hawa huɗu ke nan, kuma kowane hawa da tambayarsa: wa ya ƙirƙira, wa ya faɗa da waɗannan kalmomi, wa ya rubuta ko ya buga, sannan wanne ne wannan da yake gabanka.

Na leƙa. Na ce, "Au, dangi kike tsara musu. Kaka, 'ya'ya, jikoki."

Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Yaya ya ce, "Madalla. To ai magana ta fito. Wannan jan ma jika ne, kuma jikan ya tsufa."

Tahira ta kwance gafakar, ta ɗaga warƙar farko a hankali. Ta karanta. Ta ɗaga ta biyu, ta daɗe a kanta, leɓenta na motsi, don ajami ya yi mata nisa. Sai ta ɗauki sabon kwali. Ba ta sa shi a layin jikoki ba. Ta haura da shi sama, ta ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Larabcin mawallafi.

"Baba, gaskiyarka, ainihin littafin ɗaya ne. Amma wannan siga ce daban. Larabcin muna da shi sau biyar, in ɗaya ya ɓace akwai huɗu, akwai dubu a kasuwa. Wannan Hausar, da waɗannan baitoci, ban san inda take ba a duniya sai nan. In aka binne ta, hawa guda aka rushe."

Na ajiye farantin waken. Wallahi ji na yi kamar in goya ta, uwar 'ya'ya uku.

Yaya ya shafa gemunsa. Ba wawa ba ne, ya gane. Ya ce, "To, a bar ta. Ki rubuta fassarar Malam Khalilu."

"Ƙarshen takardar ya ce hannun Khalilu. Wannan amsar hawa na uku ce, wanda ya rubuta. Hawa na biyu yana tambayar wanda ya tsara kalmomin, kuma takardar ba ta faɗa ba."

Na ce, "Inna ce. Rubuta."

Ta juyo ta dube ni. "Gwaggo, ke kin ce Inna, Baba ya ce Kaka Malam. Ba zan rubuta abin da ba ni da madogara a kai ba. In babu, zan sa ba a san mai tsarawa ba."

Nan fa na tashi. Na ce mata ba a san wa ba? Matar da ta yi shekara talatin tana karantar da matan garin nan a bayan rumbu, ita ce ba a sani ba? Gara ma a binne, da a rubuta a injin nan cewa ba a san ta ba, kowa ya gani. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka yi karatu a wurinta?"

Na lissafa su a raina, duk ƙasa ta rufe, sai ɗaya. Iya Furera, can unguwar masu rini, ta haura tamanin, idonta ya tafi.

Ran Alhamis da hantsi na je na ɗauko ta a bayan amalanken shanun maƙwabcinmu, tana ta mita wai zan karya mata ƙugu. Na shigar da ita soro na zaunar. Yaya ya gaishe ta da ladabi, don ta girme shi nesa ba kusa ba. Tahira ta miƙa wa ubanta warƙoƙin, ta ce ya bi da ido, ita kuma Iya ta karanto abin da ta haddace.

Iya ta yi gyaran murya ta fara. Muryar ta tsufa amma karin yana nan, irin na Inna sak, mai jan ƙarshen baiti. Yaya yana bi da yatsa. Warƙa ɗaya, biyu, uku, ko harafi ba ta kauce ba. A ta huɗu gara ta yi rami kamar tafin yaro, yatsansa ya tsaya a bakin ramin, ita kuwa ta wuce abinta, ta fito ta ɗaya gefen daidai inda rubutu ya ci gaba. Tahira tana ɗauka a wayarta.

Can Iya ta zo inda ake cewa:

*Ke mai goyo da zane ɗaya tak,*
*Kar ki ce Allah ya manta da ke.*

Yaya ya ɗaga hannu. Ya jawo na Larabcin ya buɗe, ya duba gaba, ya duba baya. Ya ce, "Wannan babin babu shi a nan."

Iya ta ce, "Ina zai kasance? Saboda ni aka yi shi. Ina goyon fari, zanena ɗaya, yaro ya ɓata shi safe da yamma, na bar salla kwana tara don kunya. Na faɗa wa Inna ina kuka. Ta je ta tambayi Malam hukuncin, ya ba ta, kwana biyu ta zo da baitocin. A gabana ta zaunar da shi a bakin ƙofa tana faɗa yana rubutawa. Ya sauya wata kalma don ta fi daɗi, ta ce ya mayar, mata ba za su gane ba. Ya kuwa goge ya mayar."

Tahira ta matso da warƙar kusa da haske. Ga gugar nan, ga kalmar an sake rubutawa a samanta. Ta nuna wa ubanta. Na shirya maganganu na shekara arba'in, ko ɗaya ba ta fito ba.

Yaya ya daɗe yana kallon gugar. Sannan ya ce, "Rubuta na Inna."

Tahira ta jawo kwamfutar. Ta ce, "To, sunanta. Inna ba zai shiga ba, kowane gida da Innarsa. Cikakken suna nake so, da na mahaifinta."

Iya Furera ta ce ita tun da aka kawo ta garin nan amarya Inna take ji ana cewa, ba ta taɓa tambaya ba. Tahira, jikar Inna ta jini, ba ta sani ba. Ni na sani, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ban taɓa kiran sunan uwata ba tunda aka haife ni, kuma ga shi ranar da nake nema ta zo na kasa.

Na dubi Yaya. Shi ne ɗan farin Inna. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, in tana son sa sai ta ce a kira mata wancan. A gaban mutane ko kallonsa ba ta yi. Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Halimatu Sadiya," ya ce. "Halimatu Sadiya 'yar Malam Sha'aban, mutuniyar Shanono."

Tahira ta buga. Ya ce ta karanto masa ya ji ko ta yi daidai, ta karanto: tsarawa da Hausa, Halimatu Sadiya 'yar Sha'aban, rubutun hannu, Khalilu mijinta. Ya ce ta ƙara Malama a gaba. Ta ce a ƙa'ida ba a cika sa laƙabi a wannan gurbin ba. Ya ce, "Ƙa'idar ku ce. Sa." Ta nemo wani gurbi a ƙasa ta sa.

Ni ban yi boko ba. Na ce ta nuna mini inda sunan yake, ta nuna, na ɗora yatsana a kan gilashin. Na yi alfahari ranar nan, irin wanda ban yi ba ko ranar da na aurar da 'yata, kuma ban ɓoye ba. Na ce wa Yaya ya sake faɗa, ban ji da kyau ba. Ya san ƙarya nake yi, kunnena ƙalau. Ya sake faɗa.